Injiniya Ya Kai Shanu Caji

Duk unguwar babu wanda bai san Injiniya ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa tun lokacin da ya buɗe shagon cajin waya a bakin titi. Shagon bai yi wata huɗu ba. Wata rana ya ce ya gano dabarar cika waya cikin minti biyar, ya kama igiyoyin wuta biyu da Allah bai haɗa su ba ya haɗa, wayoyin mutane goma sha ɗaya suka yi hayaƙi a gabansa. Daga nan ya yi gadi, ya yi gidan burodi, ya yi wankin mota. Ko'ina ya je sai ya gyara abin da bai lalace ba, a sallame shi. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce hassada ce.

Yayarsa ce ta ji tausayin matarsa da 'ya'yansa. Ita ke shugabantar wani gandu da aka keɓe a bayan gari saboda tsuntsaye da itatuwa, kuma ana neman wanda zai riƙa duba shanun wurin, don tsohon makiyayin da ke yi, wanda kowa ke ce wa Baba, gwiwoyinsa sun fara ƙi. Ta tsaya wa ƙanenta a gaban manyanta, aka ce a gwada shi mako ɗaya. In ya cika kwana bakwai bai ɓata komai ba, aikin nasa ne, har da rigar kaki da hular da aka ba shi aro.

Ranar farko ta zaunar da shi a ofis ta yi masa bayani dalla-dalla. Shanun bakwai ne, kuma ba don nono ko nama aka ajiye su ba. Aikinsu su ci ciyawa kada ta yi tsawo ta shaƙe ƙananan tsirrai. Amma akwai fadama a ƙasan filin, inda gauraki ke yin ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, kuma kofaton saniya ɗaya ya isa ya tashi aikin shekara. Ta gefen titi akwai shingen waya, sauran gefen kuwa babu shingen da ido zai gani. Kowace saniya tana da abin wuya, ɗan akwati kamar ƙaramar rediyo, rataye da sarƙa biyu. An zana iyaka a cikin wayar Yaya, ta kewaye filin duka har ta gefen titin. In saniya ta kusanci iyakar sai akwatin ya fara kuka, in ta juya ya yi shiru, in ta ƙi ji ya ɗan ja ta da wuta, har sau uku. Rana ce ke ba shi caji.

Duk wannan bayani Injiniya yana gaban gilashin taga yana gwada hula, ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu.

"Auta, kana ji na kuwa?"

"Na sani, Yaya, duk na sani. Kuma don Allah a wurin aiki ki daina ce mini Auta."

Kwana shida Baba na biye da shi kamar inuwa. Da ya miƙa hannu zai taɓa wani abu sai tsohon ya yi gyaran murya, shi kuma ya mai da hannun aljihu. Amma da yamma, in ya dawo unguwa, labarin daban yake. A bencin ƙofar mai aski yake zama ya ce shi ke riƙe da gandun gaba ɗaya, Yaya sa hannu kawai take yi, tsohon kuma ya bar shi ne don tausayi. Mai aski ya tambaye shi ko shanun sun san da haka, ya ce ai tun daga nesa suke tashi tsaye in sun hango shi.

Ranar ta bakwai, matarsa ta goge masa rigar kakin da kanta. Tana miƙa masa ta ce ba ta roƙe shi ya yi wani abin bajinta ba, abu ɗaya take so, ya je ya dawo kamar yadda ya tafi. Ta ce ta gaji da haɗa ido da maƙwabta duk bayan wata uku. Ya ce mata ta fara tunanin irin labulen da za ta sa in an ba su gidan ma'aikata.

A ranar ne manyan baƙi za su zo ofis su ga yadda shingen da ba a gani yake aiki, kuma Yaya na bukatar Baba a wurin don ya amsa tambayoyi. Ba yadda za ta yi, dole a bar Injiniya shi kaɗai har azahar. Ta lissafa masa abu uku: ya ƙirga shanu, ya duba ruwan kwami, ya bi shingen wayar gefen titi ya ga ko ya tsinke. Ta ce ko ya ga sama za ta faɗo kada ya tare, ya kira ta a waya.

Ya ƙirga shanu ya samu takwas. Ya sake ya samu shida. A karo na uku ya gane ta takwas ɗin suri ce, ya samu bakwai, ya yaba wa kansa. Ruwa na nan. Shingen waya lafiya lau, abin da ya ɗan ɓata masa rai, don ya zo da filaya a aljihu. Kafin hantsi ya gama komai, ya zauna ƙarƙashin wata bishiya yana jin haushin yadda ake ɓarnar ƙwaƙwalwa irin tasa.

Can sai wata jar saniya, wadda ita ce uwar garken, ta gangara wajen fadama tana kiwo. Sai ya ji wani ɗan kuka daga wuyanta, tit, tit, tit. Saniyar ta ɗaga kai, ta juya, kukan ya tsaya. Jim kaɗan wata fara ta bi can, ita ma tit, tit, tit. Injiniya ya miƙe zaune. Wannan kuka ya san shi, kusan wata huɗu yana kwana yana tashi da shi a shago. Duk abin da ke yin tit tit ya yi shiru ya sake yi, batirinsa ne zai mutu.

Nan take ya ga abin da zai faru. Baƙi za su zo, akwatunan sun mutu, Yaya ta ji kunya a gaban manya. Ya kuma ga kansa yana fitowa daga bayan bishiya da akwatuna bakwai cike taf da caji, baƙi suna tambayar wane ne wannan haziƙi, Yaya tana share hawaye. Ya ciro waya zai kira ta, sai ya mai da. In ya faɗa mata, Baba za ta turo, tsohon ya kwashe yabon.

Ya ɗebo dusa a bokiti daga ɗakin ajiya. Shanun sun saba da mutane, suka taho suka cusa kai, shi kuma ya bi su yana kwance maɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Shida suka ba shi haɗin kai. Jar saniyar ce ta ce ba ta san zancen ba. Ta taka masa ƙafa, ta tsaya a kai tana tauna dusa hankali kwance, shi kuwa yana roƙonta da Allah da Annabi. Da ya samu ya zare abin wuyan sai ta kaɗa kai sau ɗaya, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kashin da ta ajiye da ɗuminsa, ya kuma kwanta a ciki don ya cika aiki.

Rigar kakin da aka goge da safe ta tashi daga aiki. Ya cire ta, ya ɗauraye a bakin kwami, ya shanya kan reshe, ya rage daga shi sai singileti da hula. Akwatunan suna da nauyi, ba jaka, ba buhu. Ya rataya uku a wuya, biyu a kafaɗar dama, biyu a ta hagu, sarƙoƙin suka kwanta luf a kan fatar da ta jiƙe da gumi. Ya nufi ƙaramar ƙofar da ke fita titi yana tafiya ƙwaram ƙwaram.

Bai yi nisa ba ɗaya ya fara, tit, tit. Na biyu ya karɓa. Kafin ya yi taku biyar duk bakwai ɗin sun haɗa baki, kukan yana ƙara tsini. Ya ce ashe abin ya kai haka, saura ƙiris su mutu gaba ɗaya. Sai ya zuba da gudu don ya cece su.

Wayyo, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na wuyan ne suka fara, tas! Ya yi tsalle, hula ta tashi sama. Kafin ya sauka na kafaɗar dama suka ba shi, ya karkata hagu, na hagun suka mai da shi dama. Kowane akwati sau uku ne rabonsa, kuma babu wanda ya yafe masa ko ɗaya. Saniya in ta ji na farko juyawa take yi. Shi kuwa gaba ya yi ta yi, yana rawa, yana salati, yana kiran sunan uwarsa, har ya faɗa kan ƙofar ya rungume ta. Sai komai ya yi tsit.

Ya daɗe a durƙushe yana haki. Da hankalinsa ya dawo sai ya yi wa kansa bayani. Ragowar wuta ce, haka batir ke yi in zai cika, kamar kazar da aka yanka. Shirun da suka yi yanzu shi ne shaidar sun mutu murus, kuma da ba don shi ba da a wuyan bayin Allah za su zubar da wannan wuta. Ya koma da rarrafe ya ɗauko hularsa, ya kakkaɓe, ya fita titi.

Tun daga bakin layi mutane suka fara tsayawa. Mai gyaran babur ya ajiye sifana. Wata mai sayar da kayan miya ta toshe hanci da gefen mayafi. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya bar mutum da rabin kai.

"Injiniya, lambobin yabo ne aka ba ka tun kafin mako ya cika?"

"Aikin gaggawa ne, ba na masu aski ba."

"To wannan turaren fa? Shi ma na aikin ne?"

Bai kula shi ba, ya shige shagon mai caji, wanda ke jikin na mai aski. Tsohon shagonsa ne, wani ya karɓa bayan gobarar wayoyi, kuma har yau Injiniya na ce masa almajirinsa a harkar, ko da yake mutumin ya girme shi. Ya zube akwatunan kan tebur ya ce a cire wayoyin kowa a jona masa waɗannan, umarni ne daga sama. Mai caji ya ɗauki ɗaya ya juya shi gaba da baya, ya duba ƙasa, ya duba gefe. Ya ce shi dai bai ga ramin da za a soka caja ba.

Injiniya ya ce a ciki yake, irin na zamani ne, a ba shi sukundireba. Mai caji ya ce wallahi ba a shagonsa ba, har yanzu silin ɗin bai gama fari ba daga wancan karon. Ya nuna masa wani ɗan baƙin gilashi a jikin akwatin, ya ce wannan ai irin na fitilar sola ne, rana yake sha.

Injiniya ya ƙura wa gilashin ido. Wata magana da Yaya ta yi ranar farko ta fara taso masa daga nesa, sai ya danne ta.

"Na sani," ya ce. "Gwada ka nake yi."

Ya sake rataya su, ya fito ya tsaya tsakiyar rana a ƙofar shagon, ya buɗe hannuwa yana juyawa a hankali don kowane akwati ya samu rabonsa. Mutane suka yi masa da'ira. Shi kuma ya shiga yi musu lacca kan yadda ake kiwo a zamanance.

Abin da bai sani ba, a daidai lokacin da yake rawa a bakin ƙofar gandu, Yaya na tsaye a ofis gaban babban allo, tana nuna wa baƙi ɗigo bakwai a kan taswira, tana cewa wata takwas ke nan ko saniya ɗaya ba ta taɓa ƙetare iyaka ba. Ba ta rufe baki ba wayarta ta hau ƙara. Ɗigo bakwai ɗin suka dunƙule wuri ɗaya, suka ƙetare iyaka da gudu, suka tsallaka titi, suka shiga layi, suka faɗa wani shago. Babban baƙon, wani dattijo mai farin gilashi, ya tambaya cikin ladabi ko shanun sun saba zuwa cefane.

Motar gandun ta shigo layin da hon, Yaya a gaba, Baba a baya da igiya da sanda, motar baƙi na biye. Labari ya riga su isowa cewa shanu sun ɓalle, masu tebura suna ta janye kaya. Yaya ta diro tana kallon waya tana kallon shagon mai caji, shagon da ko akuya biyu ba za su juya a ciki ba. Jama'a sun kare mata gani. Ta tambayi mai aski ina shanun suka shiga.

Mai aski ya sa aka dare, ya nuna da almakashi. "Ga su nan, Hajiya, duka bakwai. Sun koyi tsayuwa da ƙafa biyu."

Layin ya ɗauki dariya, har mai rabin kai ya fito da ƙyalle a wuya. Injiniya ya gyara hula ya fara cewa Yaya ta kwantar da hankalinta, ya gano matsalar tun kafin ta zama matsala. Amma Yaya ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Fuskarta ce ta sauya, ta juya ta dubi Baba.

"Ƙwayayen," ta ce.

Sai a lokacin Injiniya ya gane abin da ya aikata. Shanu bakwai, babu komai a wuyansu, ga fadama shar da ɗanyar ciyawa a gabansu, kuma ya fi awa ɗaya da barin su.

Aka jefa shi bayan mota da kayansa. Rabin layin suka biyo a ƙafa da babura, don irin wannan kallo ba a ba da labarinsa. Da motar ta kusanci ƙofar gandu ya fara roƙon Baba a cire masa sarƙoƙin kafin a shiga. Tsohon ya ce ya kwantar da hankalinsa, mai komawa gida ba a dukansa, mai fita ake duka. Duk da haka Injiniya ya runtse ido ya ƙanƙame ƙarfen motar har suka tsaya.

Yaya ce ta fara sauka, ta tafi da sassarfa, sai kuma ta tsaya cak. Shanun na nan. Biyar na kwance suna tuƙa, fara na shan ruwa. Jar saniyar tana kiwo a ƙasan filin, ta ci ciyawa har daidai inda aka zana mata, ta bi layin tiryan-tiryan kamar da igiya aka ja, ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. Can cikin fadama wani gauraka ya ɗaga kai ya dubi taron, ya mai da kansa ƙasa.

Yaya ta zauna kan bokitin dusa ta rufe fuska da hannu biyu. Baba ya je ya shafa wuyan jar saniyar. Ya ce wannan, ranar da aka sa mata abin, sau biyu wuta ta ja ta, ba ta sake ba har yau. Ya juyo ya dubi ja-ja-jan da sarƙa ta zana a wuyan Injiniya.

"Kai fa, ɗana, sau nawa?"

"Ashirin da ɗaya," in ji mai caji daga baya, yana ƙirga shaidun da yatsa. "Bakwai sau uku."

Wani in an yi masa irin wannan dariya ƙasa zai nema ya shige. Injiniya kuwa sai ya hango ƙofa. Ya matsa gaban dattijo mai farin gilashi ya ce, ranka ya daɗe, abin da ka gani gwaji ne. Shi ya tsara shi, don a tabbatar wa baƙi shanun sun haddace iyaka ko babu na'ura. Wahalar da ya sha kuwa, sadaukarwa ce.

Abin mamaki, dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce lallai abin ya burge shi, bai taɓa ganin irinsa ba. Ya juya ga Yaya ya tambaye ta ko da saninta aka yi.

Injiniya ya zuba mata ido, irin kallon da yake yi mata tun suna yara in ya fasa tulu. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da aikin, kuma ya san ta sha faɗin irinta don ta rufa masa asiri. Yaya ta miƙe daga kan bokitin, ta dubi fadamar, ta daɗe tana kallo.

"A'a, ranka ya daɗe," ta ce. "Ba gwaji ba ne. Ƙanena ne, ni na kawo shi, ni na bar shi shi kaɗai. Laifin nawa ne."

Wannan ta fi wutar zafi. Da zaginsa ta yi da ya samu abin cewa, amma ta ɗauki kashin ta shafa wa kanta a gaban manyanta. Ya tuna matarsa da dutsen guga, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Baba ya sauke masa akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta miƙa hannu, Injiniya ya cire hular ya ba ta. Ta ce ya tafi gida, za ta zo da yamma ta yi wa matarsa bayani da kanta.

Ya juya ya kama hanyar ƙofa, daga shi sai singileti, jama'a na dare masa. Ya yi tafiya kansa a ƙasa har tsakiyar fili. Sai aka ga ya rage sauri. Ya ƙara taku biyu ya tsaya cak, a wurin da babu shinge, babu dutse, babu komai sai ciyawa. Ya ɗaga kafaɗu ya noƙe wuya, ya miƙa ƙafa ɗaya gaba, ya janye ta.

Yaya ta duba wayarta. Daidai kan layin yake, ko taƙi bai kauce ba.

"Wuce abinka, ɗana," Baba ya ɗaga murya. "An cire maka."